Hannun da Ɗantunku Ya Ƙi Miƙawa

A watan Janairu na shekarar 1824, Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya iso Kano bayan ya ƙetare Sahara daga Tarabulus ya ratso ta Borno. Bai sami Sarkin Kano a gidan sarauta ba. Sai da aka kai shi sansanin Fanisau, arewa kaɗan da birni, inda Sarki Ibrahim Dabo yake shirin fita yaƙi da wani mutum da Baturen ya rubuta sunansa a karkace, yadda kunnensa ya jiyo masa. Mutumin shi ne Ɗantunku, wanda zuriyarsa ke sarautar Kazaure har yau.

A lokacin yaƙin ya shiga shekara ta biyar. Mutanen biyu Musulmi ne, Fulani ne, dukkansu daga jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka fito, kuma babu wanda ya yi musun shugabancin Sakkwato a cikinsu. Abin da ya raba su aiki ne da ba ya cin minti guda: mutum ya ɗora hannunsa a kan hannun wani ya ce ya bi. Dabo yana ganin Ɗantunku na riƙe masa da wannan hannu a matsayin bashi. Ɗantunku yana ganin ya riga ya miƙa shi a wani wuri, kuma babu mai ikon ɗauke shi daga can ya kai wa wani ba da yardarsa ba.

Nauyin da ke kan ɗan Adam iri biyu ne. Akwai wanda ya tarar a kansa ba a shawarce shi ba: haƙƙin iyaye, haƙƙin maƙwabci, haramcin zubar da jini, salla da azumi ga Musulmi. Akwai kuma wanda babu shi sam sai da mutum ya buɗe baki ya samar da shi: alkawari, rantsuwa, bakance, ciniki, aure, lamuni, mubaya'a. Kafin magana ta fita, mutum yana da damar ya je ko ya zauna. Bayan ta fita, zaman ya zama laifi. Babu abin da ya sauya a duniya in ban da 'yan kalmomin da iska ta riga ta kwashe, amma ga kaya a kai, kamar yadda Bahaushe ya kira alkawari.

Wannan nau'i na biyu ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. David Hume, masanin falsafa na ƙasar Sikotland, a littafinsa kan ɗabi'ar ɗan Adam da ya fito tsakanin 1739 da 1740, ya lissafa shi cikin abubuwa mafi wuyar fahimta: ta yaya nufin mutum kaɗai zai haifi wajibi? Idan son ransa ne ya ɗaure shi, me zai hana son ran nasa ya kwance shi gobe? Hume ya kammala da cewa alkawari al'ada ce da mutane suka ƙirƙira saboda amfanin juna. A 1972 wasu masana shari'a biyu a Birtaniya, Neil MacCormick da Joseph Raz, suka sake tayar da maganar. MacCormick ya ce abin da ke ɗaure mai alkawari shi ne ya sa wani ya dogara da maganarsa, don haka saɓawa cutarwa ce. Raz ya ce a'a, alkawari iko ne: mutum yana da ikon sauya abin da ya wajaba a kansa ta hanyar bayyana niyyar yin hakan, kamar yadda mai dukiya yake da ikon kyautar da ita. Shekaru kusan 150 kafin wannan muhawara, an riga an yi irinta da masu da takubba a tsakanin Dambatta da duwatsun Kazaure.

Tuta da ƙasa

Ɗantunku shugaban wani reshe ne na Fulani, Yarimawa, da ke zaune a arewacin ƙasar Kano wajen Dambatta. A farkon jihadi ya tsaya wa jama'ar Shehu a wannan yanki da ƙasashen Kano, Katsina da Daura suka haɗu, kuma tarihin masarautar ya lissafa shi cikin waɗanda suka karɓi tuta daga Shehu. Bayan an kori Sarkin Kano Alwali, aka naɗa Malam Sulaimanu sarki, Ɗantunku ya ci gaba da riƙe ƙasarsa a arewa. A zamanin Sulaimanu maganar wane ne a ƙarƙashin wane ba ta fito fili sosai ba. Sabuwar daula ce, manyan da suka yi yaƙin kowa yana riƙe da abin da takobinsa ya kama, kuma babu wanda yake gaggawar tona tambayar da amsarta za ta iya jawo faɗa.

Mutuwa ce ta tona ta. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a. Sulaimanu ya rasu a 1819, Bello ya naɗa Ibrahim Dabo na Sulluɓawa. Dabo ya hau gado ƙasa tana girgiza. Garuruwa da dama suka ƙi shi, ya yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya har aka yi masa laƙabi da Cigari. Waɗannan duk ya ci su. Ɗantunku ne ya gagara, har sai da Dabo ya mai da Fanisau ribaɗi don tsare birnin daga arewa.

Ya kamata a tsaya a kan kalmar mubaya'a kanta. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya bayyana cewa asalinta ɗaya da kalmar ciniki a Larabci, domin mai yin ta yana sa hannunsa cikin hannun shugaba kamar yadda mai saye da mai sayarwa suke yi idan sun daidaita. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya ɗauki shugabancin al'umma a matsayin ƙulli tsakanin ɓangarori biyu, mai buƙatar yardar wanda aka zaɓa da ta masu zaɓe. Malaman Sakkwato sun san waɗannan littattafai. Don haka a idon mutanen wancan zamani biyayya ga sarki tana da ƙafa guda a cikin wajibai na tilas, domin addini ya wajabta a sami shugaba a bi shi, ɗaya ƙafar kuma tana cikin wajibai na zaɓi, domin wannan mutum takamaimai ba ya zama shugabanka sai an ƙulla. Rikicin Kazaure ya faɗo ne daidai tsakanin ƙafafun biyu.

Hujjar da ke bayan Dabo mai ƙarfi ce, kuma masu ba da labarin daga ɓangaren Kazaure sukan yi saurin wuce ta. Sarkin Kano na'ibi ne na Sarkin Musulmi. Wanda ya yi wa Sarkin Musulmi mubaya'a ya ɗauki nauyin bin umarninsa, kuma naɗa na'ibi yana cikin umarnin. Ba kowane alkawari ne ake zayyana rassansa ba. Wanda ya amsa zai yi wa mutum noma ba zai ce bai yi alkawarin ɗaukar fartanya ba. Bayan haka akwai shekaru fiye da goma da Ɗantunku ya yi yana riƙe da ƙasa a cikin abin da kowa ya sani ƙasar Kano ce. John Locke, a ƙarshen ƙarni na 17, ya kira irin wannan yarda ta shiru: wanda ya ci moriyar ƙasa a ƙarƙashin wata hukuma ya amince da ita ko da bai furta ba. Kano ta tsara tsaronta na arewa bisa zaton cewa wannan yanki nata ne. Idan dogaro ne ke haifar da wajibi, to Kano ta dogara.

Hujjar da ke bayan Ɗantunku gajera ce. Tutarsa daga Shehu take, kamar yadda tutar Kano take daga Shehu. Wanda ya karɓi tuta ya ƙulla da mai ba da ita kai tsaye, kuma abin da aka ƙulla tsakanin mutum biyu ba ya komawa hannun na uku don kawai na ukun ya fi yawan dawaki. Zaman lafiya da Sulaimanu ladabi ne da zumuncin 'yan gwagwarmaya ɗaya, kuma ladabi ba ya rikiɗa ya zama bashi don an daɗe ana yin sa. Wannan batu na ƙarshe shi ne ƙashin bayan maganar. Idan duk alherin da mutum ya saba yi zai iya zama wajibi a kansa ba tare da ya yi niyya ba, to bambanci tsakanin kyauta da haraji ya rushe, kuma kowa zai koyi rowar ladabi don kada a kama shi da shi.

Abin lura, Ɗantunku bai nemi ya zauna babu kowa a kansa ba. Ya yarda a ɗaure yake. Gardamarsa a kan wanda ke riƙe da bakin igiyar ce.

Abin da Bello ya gani

Muhammadu Bello ba mutum ne mai sassauci ga tawaye ba. Watanni kaɗan bayan hawansa, Malam Abdussalami, wanda harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadi, ya yi masa bore daga Kware. Abdussalami yana da ƙorafe-ƙorafe na gaske game da rabon ƙasa da halin wasu masu mulki, kuma an yi musayar wasiƙu kafin a kai ga faɗa. Bello ya yaƙe shi, aka ci Kware a farkon 1818, Abdussalami ya rasu a Bakura sakamakon rauni. Bello ya rubuta littafi guda, Sardul Kalami, don bayyana dalilinsa.

To me ya sa wanda ya rushe Kware ya bar Kazaure? Bambancin a fili yake. Abdussalami yana zaune ne a ƙarƙashin Sakkwato kai tsaye. Idan ya ƙi Bello, babu wani shugaba da zai nuna ya ce ga wanda nake bi. Ƙinsa ya taɓa tushen ƙullin. Na Ɗantunku reshe ya taɓa. Akwai kuma darasin da Bello ya samu a cikin gidansu. Baffansa, Malam Abdullahi na Gwandu, bai yi masa mubaya'a nan take ba bayan rasuwar Shehu, kuma an yi shekaru ana zaman doya da manja. Bello bai tilasta shi ba. Sai a wajajen 1820, bayan da ya kai wa Abdullahi gudummawa a yaƙin Kalambaina, baffan ya miƙa hannu da kansa. Mutumin da ya jira hannun baffansa tsawon wannan lokaci ya san cewa hannun da aka fizgo da wanda aka miƙa ba farashinsu ɗaya ba.

A 1824 Bello ya shiga tsakani, ya tabbatar da Kazaure a matsayin masarauta mai zaman kanta, mai bin Sakkwato kai tsaye. Ɗantunku ya rasu a wannan shekarar, ɗansa Dambo ya gaje shi, ya yi mulki har 1857.

Zai zama yaudarar kai a ce tsantsar fiƙihu ce ta yanke hukuncin. Da Dabo ya gama da Ɗantunku a shekarar farko, kamar yadda ya gama da sauran, da wuya wani ya tuna da maganar tuta. Shekaru biyar na jini ne suka sa aka saurari hujjar, kuma ƙaramar masarauta mai godiya ga Sakkwato a kan iyakar arewa ba ta yi wa Bello illa ba, musamman a gefen Kano mai ƙarfi da arziki. Amma duk da haka siffar hukuncin tana da muhimmanci. Bello bai ce an yafe wa ɗan tawaye ba. Ya amince cewa wajibin da ake nema daga Ɗantunku ba a taɓa ƙulla shi ba. Tsakanin dogaron Kano da niyyar mai tuta, ya rinjayar da niyya.

Littafin al-Haɗɗabi

Mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan Kano da Kazaure suke hukunci da ita, tana da dogon nazari a kan wannan batu, fiye da yadda yawancin masu karatun shari'ar zamani suka sani. Muhammad al-Haɗɗab, malamin Makka da ya rasu a 1547, wanda ɗalibai suka fi sani da sharhinsa a kan Muhtasar na Halil, ya keɓe littafi guda, Tahrirul Kalami fi Masa'ilil Iltizami, a kan tambaya ɗaya: yaushe ne abin da mutum ya lazimta wa kansa, ba tare da an biya shi komai ba, yake zama abin da alƙali zai tilasta masa?

Ƙa'idar da aka jingina wa Imamu Malik ita ce, wanda ya ɗora wa kansa wani aikin alheri, ya hau kansa, matuƙar bai mutu ko ya tsiyace ba kafin a karɓa. Wato mutumin da ya ce ya ɗauki nauyin ciyar da wani na shekara guda, alƙali zai iya kama shi da maganarsa. Amma malaman sun bambanta wannan da alkawari na nan gaba, irin na "zan yi maka". A kan shi an ruwaito ra'ayoyi huɗu: ba a tilastawa sam, ana tilastawa a kowane hali, ana tilastawa idan an rataya alkawarin a kan wani dalili, ana tilastawa idan an rataya shi a kan dalili kuma wanda aka yi wa ya riga ya shiga cikin abin. Na huɗun shi ne mashahuri. Misalin da aka saba bayarwa shi ne mutum ya ce wa wani ya yi aure, shi zai ranta masa sadaki. Idan ya je ya ɗaura auren, mai alkawari ba shi da hanyar zamewa. Idan bai ɗaura ba, saɓawar abin zargi ce tsakanin mutum da Ubangijinsa, amma ba ta kai gaban alƙali ba.

Abin sha'awa a nan shi ne Malikawa sun riƙe ra'ayoyin nan biyu da aka yi gardama a kansu a 1972, kowanne a muhallinsa. A babin lazimta wa kai, niyyar da aka bayyana ta isa. A babin alkawari, sai an sami dogaro. Dokar Ingila, wadda Najeriya ta gada a harkar kwangila, ta bi wata hanya dabam: alkawarin da ba a ba da komai a madadinsa ba, a ƙa'ida, kotu ba ta tilasta shi, sai in an yi shi a takarda ta musamman mai hatimi. Sai a shari'ar High Trees ta 1946, inda mai gidajen haya a Landan ya yarda a 1940 ya rage kuɗin haya zuwa rabi saboda yaƙi, mai shari'a Denning ya bayyana cewa wanda ya yi alkawari don a yi aiki da shi, aka kuma yi aiki da shi, ba zai dawo ya nemi abin da ya yafe na wancan lokaci ba. Lauyan da ya karanta wannan a jami'a a matsayin sabon tunani zai tarar da ɗan'uwansa a cikin littattafan da ke jibge a zaurukan malamai.

Sai dai ko a babin dogaro, sharaɗin farko shi ne a sami maganar da aka dogara da ita. Wanda ya gina zatonsa a kan shirun wani bai cika sharaɗin ba. A nan ne hujjar Kano take da rauni, in aka auna ta da wannan ma'auni.

Waɗanda ba a tambaya ba

Duk wannan magana ce ta manya. Manomin Roni ko makiyayin Gwiwa, waɗanda ƙasarsu ke cikin masarautar Kazaure a yau, da takwaransu na Babura, wanda ƙasarsa ta zauna a ƙarƙashin Kano, babu wanda ya karɓi tuta a cikinsu. Sulhun manya ne, da yaƙe-yaƙen da suka biyo bayansa, suka raba musu inda za su kai zakka da kuɗin ƙasa, da wanda za su bi idan an buga tambarin yaƙi. Zaɓin mutum ɗaya ya zama gadon dubbai. Al-Mawardi bai ɓoye wannan ba: idan masu ƙullawa da warwarewa suka ƙulla, sauran jama'a ya hau kansu. Hume kuwa, a maƙalarsa ta 1748 kan asalin yarjejeniyar mulki, ya yi wa masu cewa talaka ya yarda da hukuma tunda bai bar ƙasar ba ba'a, ya kwatanta shi da wanda aka ɗauka yana barci aka sa a jirgin ruwa, sannan aka ce ya amince da ikon matuƙin tunda bai faɗa teku ba.

Kwatancen ya yi daidai da Turai ta zamaninsa fiye da ƙasar Hausa ta ƙarni na 19, inda ƙasa take da yalwa, mutane ne abin nema. Talakan da hakimi ya matsa wa yana iya kwashe iyalinsa ya koma gaba, kuma sarakuna sun san haka. Akwai kuma caffa: mutum, ko ruga guda, ko wata jama'a, su zaɓi babban da za su fake a inuwarsa, su riƙa kai masa gaisuwa da jangali, shi kuma ya tsaya musu a fada. Caffa wajibi ne na zaɓi a ainihin ma'anarsa, domin wanda ya kai ta yana iya ɗauke ta. A yankin da mahayan Damagaram suke iya faɗowa daga arewa a kowane rani, zaɓen inuwar da za a fake ba wasa ba ne. Wannan dama ba ta kai ga kowa ba. Bayin da ke noma a gandayen sarakuna ba su da caffar da za su kai ko su ɗauke. Amma ga 'yantacce, ƙafarsa ita ce sauran abin da ya rage masa na ikon cewa a'a, kuma yarda ba ta da ma'ana a wurin da a'a ba ta yiwuwa.

Rantsuwar 1903

Kano ta faɗa hannun Turawa ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sakkwato kuma ranar 15 ga Maris. Da Gwamna Lugga ya tara manyan Sakkwato bayan 'yan kwanaki, bai yi kwana-kwana ba: ya ce Fulani sun sami mulki da yaƙi, sun rasa shi da yaƙi, yanzu ya koma hannun Ingila. Wanda ya kafa hujjarsa a kan cin yaƙi ba ya buƙatar yardar kowa. Amma sai ga shi yana sa sarakunan da ya naɗa su rantse da Alƙur'ani cewa za su yi biyayya ga Sarkin Ingila da wakilinsa, su bi dokoki matuƙar ba su saɓa wa addininsu ba. Dalilin ba boyayye ba ne. Bindiga tana sa mutum ya bi muddin tana kallonsa. Lugga yana da 'yan tsirarun jami'ai a ƙasa mai faɗi, yana buƙatar abin da zai riƙe sarki bayan sojoji sun juya baya. Yana so ya sayi ƙarfin wajibin zaɓi da kuɗin tilas.

Ko irin wannan rantsuwa tana ɗaurewa? Thomas Hobbes, a 1651, ya ce tana ɗaurewa: alkawarin da tsoro ya sa aka yi alkawari ne, tunda mutum ya zaɓi ransa a kan abin da ya bayar. Mazhabar da sarakunan suke bi tana da amsa dabam, kuma amsar tana da tarihi mai zafi. A shekarar 762, lokacin da Muhammad al-Nafs al-Zakiyya ya yi wa Halifa al-Mansur bore a Madina, mutane sun kawo uzurin cewa akwai mubaya'ar Abbasiyawa a wuyansu. Matsayin Imamu Malik shi ne sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa, kuma kowa ya gane abin da hakan ke nufi ga mubaya'ar da aka karɓa da rantsuwar saki a ƙarƙashin takobi. Gwamnan Madina ya sa aka yi masa bulala a kan haka.

Manyan daular sun rabu. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na 1903. Waziri Buhari ya zauna, bayan ya shawarci malamai, ya kuma rubuta risala yana bayyana cewa mu'amala da masu rinjaye a zahiri, a kan al'amuran duniya, ta halatta don kare jama'a, matuƙar zuciya ba ta bi ba. Wato ya raba furuci da niyya, ya ba Turawa na farko ya riƙe na biyu. A Haɗeja, Sarki Muhammadu ya ƙi, aka kashe shi a yaƙin 1906. A Kazaure, Sarki Muhammadu Mayaƙi, wanda ke kan gado tun 1886, ya ci gaba da sarauta a ƙarƙashin sabon tsari har 1914. Masu hukunta waɗannan mutane daga nesa sukan so a ware jarumai da masu miƙa wuya. Amma wanda ya zauna yana da wani wajibin da ya riga rantsuwar Lugga, wato amanar mutanen da ba za su iya bin sa Burmi ba, kuma ba a ga yadda za a sauke wannan amana daga cikin kabari ba.

Sabon tsarin ya yi wa gadon Ɗantunku abu biyu masu karo da juna. Ya yanke igiyar da aka yi shekaru biyar ana yaƙi a kanta, domin naɗin sarki da tuɓe shi sun koma hannun Gwamna, kuma gaisuwar da masarautu ke aikawa Sakkwato ta daina zama wajibi. Sannan ya sa Kazaure cikin Lardin Kano, ƙarƙashin Razdan da ke zaune a Kano. Amma bai sa ta ƙarƙashin Sarkin Kano ba. Turawa sun tarar da ita masarauta mai zaman kanta, suka bar ta da en'e tata, da baitulmalinta, da alƙalanta. Hukuncin Bello na 1824 ya rayu a cikin fayilolin mutanen da suka rushe daularsa.

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiri Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano. Kazaure ta shiga sabuwar jihar da masarautarta, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi. Babura ma ta shiga, amma ita ƙasar Sarkin Kano ce, kuma Sarkin Kano yana wata jiha yanzu. Aka kafa sabuwar masarauta a Ringim, aka haɗa mata Babura da Garki da Taura. Masu sarautar da kakanninsu suka saba kai gaisuwar salla Kano suka juya akalar dawakinsu zuwa Ringim, bisa takardar da hukuma ta sa wa hannu.